Ƙirgi Ɗari Huɗu da Amin Guda

Bari in fara da ƙidaya, tunda ita na fi iyawa. A bazarar shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare ina da ƙirgin shanu ɗari huɗu a jibge: ɗari da tamanin a ɗakin ajiyata na Wurno, ɗari da talatin a gidan wani mahauci abokin cinikina a Rabah, casa'in a Goronyo. Ina da jakuna shida. Ina da uwa guda, tsohuwa mai kaifin kunne. Ina da ƙane guda, yana can ƙasar Bama, ƙetaren teku, da bindigar Bature a kafaɗa. Sai kuma amin guda ɗaya da ta maƙale mini a wuya, ta ƙi fita, ta ƙi komawa.

Ƙirgi shi ne fatar sa da aka feɗe aka shanya, ba a kai ga jima ba. Sana'ata ke nan. Ba gadonta na yi ba. Abin da babanmu ya bar mana gona ce ƙarama a fadama, da wata tsohuwar garkuwa. Da fatar akuya biyar a ka na fara, ina yankowa daga kasuwar Kagara da Giyawa a ƙasa, har Allah ya sa na sayi jaki, jaki ya zama biyu, na shiga ƙirgi.

Lokacin da aka zo neman soja, an ce unguwarmu ta kawo mutum uku, kuma gidanmu na cikin waɗanda za su ba da ɗaya. Mu biyu ne maza. Ina zaune a zaure ina lissafin hanyar zillewa, sai ƙanena ya shigo ya tsuguna.

"Yaya, kai ka zamna," in ji shi. "In kat tahi, wa za shi ciyar da Inna? Ni ko goro anka ba ni in ƙidaya sai na ci biyu na ɓata lissahi."

Na yi masa musu, amma musun da mai saye ke yi wa kayan da ya riga ya so. Ya tafi.

Yaƙin da ya ɗauke shi kuwa shi ne ya ɗaga ni. Soja na son takalmi, yana son ɗamara, yana son jakar harsashi, duk fata ce. Kamfanin Turawa da ke sayen fata ya kafa rumfar awo a Achida, duk abin da ka kai sai sun ɗauka. Shekara uku ina kaiwa ina dawowa da fara'a. A ta huɗu sai na yi dabara. Na ce in yaƙin nan ya kai kaka, farashi zai ƙara ɗagawa, don haka ba zan sayar da ƙirgi ba, zan tara. Riƙe ƙirgi ya ratsa damina caca ce, ga danshi, ga ƙwaro, ga gara. Amma na auna na ga in yaƙi ya jira ni, na haye.

To a nan amin ɗin ta shigo. Kowace safiya, in mun dawo daga masallaci, mukan taru a ƙofar ɗakin Inna mu gaishe ta. Ita kuma addu'arta ɗaya ce, ba ta canza ko harafi: "Allah shi kashe wutar yaƙin ga, shi maido ɗiyan mutane gida." Kowa ya shafa ya ce amin. Ni ma ina shafawa, leɓena na motsi, amma babu abin da ke fita. Kada a yi mini mummunar fahimta. Ina son ƙanena ya dawo, Allah ne shaida. Abin da nake so shi ne ya dawo bayan kaka.

Akawun rumfar awo dattijo ne daga kudancin ƙasar Zazzau, Kirista, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Farkon zuwansa mun yi zaton irin waɗanda ke sa ƙafa a sikeli ne. Na gwada shi sau uku, ina auna kayana a gida kafin in kai, ban taɓa samun ya ci mini ko rabin laba ba. Shi ma ya gwada ni. Ya ɗaga ƙiragana a rana yana neman hudar wuƙa da aka toshe da laka, bai samu ba. Daga nan muka zama abokai. Yana ce mini Basakkwace, yana kwaikwayon "mi" ɗina, ni kuma ina ce masa Malam Akawu, ina kawo masa albasa da busasshen kifin gulbi.

Shi ke karanta mini wasiƙar ƙanena, don da boko ake rubuto ta. Shi ma ɗansa na fari yana can, direban mota. In wasiƙa ta zo wa ɗayanmu, ta zo wa mu biyu ke nan. Akwai wata da ƙanena ya ce ƙasar ruwa ce, matsattsaku sun fi sauro yawa, takalmi ba ya wata biyu sai ya ruɓe a ƙafa. Akawu ya karanta yana girgiza kai. Ni ma na girgiza kai. Amma a can ƙasan zuciyata wani abu ya ce: takalmi na ruɓewa, za a nemi ƙirgi. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da nake a lokacin.

Wata ranar kasuwa na kai 'yan fatun akuya. An gama awo da azahar, na same shi a gindin tsamiyar bayan rumfa da wani littafi na rubutun hannu, bangonsa duk ya tsufa.

"Malam Akawu, mi kake dubawa? Takardar hwarashi ta?"

"Kai komai farashi. Zabura ce. Malaminmu na mishan ya juya mana da Hausa muna yara, muka kwafa da hannu."

Sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Tun muna ƙanana mun san littafi ne da aka saukar wa annabin nan da ƙarfe ke yin laushi a hannunsa, mai ƙera sulke. Limaminmu kuma ya taɓa ce mana abin da ke hannun Nasara kada mu gaskata kada mu ƙaryata. Saboda haka na zauna a kan tushen tsamiya na ce ya karanta in ji, ba gaskatawa ba ƙaryatawa.

Ya ce wurin da yake karantawa kullum ke nan tun da ɗansa ya tafi. Ba zan iya maido kalmomin ba, amma ga abin da na riƙe. Al'ummai suna ta hargowa, mulkoki suna tangaɗi. Sai aka kira mutane su zo su ga aikin Ubangiji: shi ne mai tsayar da yaƙi ko'ina a duniya, baka ya karye, mashi ya guntule, garkuwa kuma a jefa ta wuta. Bayan haka sai a ce wa kowa ya natsu.

Na ce, "To ai wanga hukunci na. Bakan wa za a karya?"

"Ba a faɗa ba."

"Ƙaƙa ba a hwaɗa ba? Ka taɓa zuwa gaban alƙalin Wurno? Mutum biyu ka shiga, guda shi hito shina dariya, guda shi hito shina zagin shaidu. Alƙalin da bai ce wane ya ci ba, shari'a yay yi?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Basakkwace, in ka tarar da masu korar jakunanka biyu suna dukan juna da sanda a tsakiyar kasuwa, me kake fara yi?"

"In amshe sandunan."

"Na wa?"

"Duka biyu mana. Bayan nan a ji wa ad da gaskiya."

"To ka amsa wa kanka." Ya buɗe wani shafi. "Akwai wani wurin da ya ce idan Allah ya tashi yin shari'a, don ya ceci raunanan duniya ne yake tashi. Kai kana zaton masu ƙarar Jamus ne da Ingila. A nawa ganin su duka waɗanda ake ƙara ne. Masu ƙarar su ne tsohuwarka da matata."

Magana ce mai kyau, daga baya na gane haka. Amma a ranar ban ji ta ba, don kunnena ya tsaya a kalma ɗaya. Garkuwa. Da me ake yin garkuwa? Da ƙirgi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san haka. An ce za a ƙone garkuwa, ai an ce ƙirgi zai zama toka ke nan. Kuma wanda maganar ta fito ta bakinsa ba baƙon kayan yaƙi ba ne, da hannunsa yake ƙera su. Ga shi kuma mai karanta mini yana zama da Turawa, yana ganin takardun da ba ma gani. Sai zuciyata ta ba ni cewa abokina ya ji wani abu a kamfani, amanar aiki ta hana shi faɗa fili, shi ne ya naɗe mini a cikin littafi.

Na matsa kusa, na rage murya. "Na gane, Malam Akawu. Allah shi saka. Yaushe na?"

"Yaushe me?"

"Ƙonawar. Kahin kaka ko bayan kaka?"

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, har tari ya sarƙe shi, har mai sayar da fura ta leƙo ta ga ko lafiya.

"Wayyo ni! Mutane na karanta wannan suna kuka, kai ka mai da shi labarin kasuwa! Waƙar yabon Allah ce, Basakkwace, ba waya ce daga Ikko ba."

Dariyar ba ta sauya mini ra'ayi ba. Na ce a raina, ai dole ya yi dariya, mai fura na saurare.

Na isa Wurno da la'asar, na tarar da Inna a tsakar gida tana baza yankakkiyar kuɓewa a kan garkuwar babanmu. Garkuwar nan babanmu ya fita da ita ranar da Nasara suka shigo ƙasar, ya dawo da ita da huda guda a gefe, inda harsashi ya wuce kamar ba a sa komai a gabansa ba. Har ya rasu bai ba mu labarin ranar ba. Inna ce ta ga faɗinta ya yi daidai da shanya, hudar kuma ta yi daidai da turken ratayewa.

Na zauna na ce, "Inna, yau na ji wani littahi da yac ce Allah za shi ƙone garkuwa."

"Wagga? A bari in kwashe kuɓewata tukuna."

Na yi dariya, na warware mata duka: tsayar da yaƙi, karya baka, da abin da na fahimta game da ƙiragana. Ina magana ina lissafi da yatsu. Ban lura ta daina baza kuɓewar ba sai da na kai ƙarshe.

"Kai, ɗan nan," ta ce. "Wagga da kaka gani ta daɗe da mutuwa. Garkuwar gidan ga guda ta, kuma tana Bama. Kai anka ɓoye bayanta. Ita za a ƙone?"

Na sauke yatsun da nake lissafi da su.

Ta ci gaba da baza kuɓewarta, ba ta ko dube ni ba. "Kuma kana zaton ban lura ba? Idona ya rage, kunnena bai mutu ba. Mutum bakwai ka tsayawa ƙohwar ɗakin ga kullum sahe. Amin shidda nika ji."

Na yi ciniki da Buzaye, na yi da Kwarori, na yi da Turawa, ba wanda ya taɓa kama ni da awon ƙarya. Amma ranar nan tsohuwa ta kama ni, a gaban kuɓewa.

Washegari ba ranar kasuwa ba ce, amma na hau jaki na koma Achida. Akawu na ganin fuskata ya ajiye alƙalami. Na gaya masa abin da Inna ta ce, na tambaye shi tsakani da Allah ko littafinsa na nufin waɗanda aka sa a gaba su ne za su ƙone.

Bai yi dariya ba wannan karon.

"Nawa ɗan ma garkuwar wani ne," ya ce. "Na yi wannan tunanin kafin tsohuwarka. Ga inda na tsaya, ban ce ni malami ba ne. Ba don garkuwa ta yi laifi ake sa ta wuta ba. Don babu sauran kibiyar da za ta tare ne. Ƙanenka mutum ne, yaƙi ne ya mai da shi garkuwa. Ranar da aka ƙone garkuwar, shi sai ya koma mutum, ya zo ya ci tuwon tsohuwarsa."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata zai dawo ba. Ban tabbata nawa zai dawo ba. Abin da na tabbata shi ne wanda ya rubuta wannan ya fi son ranar da za a ƙone ta a kan ranar da za a ɗauke ta. Ni ma haka. Kai fa?"

Na ce, "A shirya sikeli. Zan kawo ƙirgi ɗari huɗu."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ni ban san abin da farashi zai yi ba, na rantse maka. Kada ka sayar saboda ni, gobe ka zo kana zagina."

"Ba don kai ba na."

Gaskiyar magana, jaki biyu ne suka ja wannan kaya. Ɗaya kunya ce, maganar Inna. Ɗayan kuma tsoro ne, don har a lokacin ban daina zargin akwai labarin kasuwa a cikin kalmar nan ba. Ban san wanne ya fi ja ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na sani ba.

Kwana tara na yi ina kwaso kaya. Gulbi bai kawo ruwa ba tukuna, jakuna suka haye da ƙafa. Na fara da na Goronyo, don su suka fi nisa, na zo na kwashe na Wurno, na ƙare da Rabah. Labari kuwa ya riga ni isa ko'ina. Mahaucin Rabah ya tsaya a ƙofar gida, hannu a ƙugu, yana kallon ana ɗaure ƙiraga.

"An ce Nasara ya duba maka ƙasa," in ji shi. "Da ƙasa yad duba ko da tabarau?"

"Da littahi."

"To ka tambayo mani ko matata za ta haihi namiji."

"In ta haihi mai kama da kai, mi ar ribar?"

Ya yi dariya, ya taya ni ɗaure na ƙarshe. Amma da zan tafi ya riƙe igiyar jakina ya ce, "Wallahi kuskure kaka yi. Ni nawa sittin na, ban sayarwa." Na ce Allah ya ba shi sa'a, kuma da gaske na faɗa.

Akawu ya auna su ɗaya bayan ɗaya, bai yi mini rangwame ba. Goma sha bakwai ya mayar lamba biyu, masu ƙarancin kuɗi, saboda ƙwaro ya fara taɓa su. Na yi masa ƙorafi don kada ya ce na sauya hali.

Safiyar da ta biyo baya muka tsaya a ƙofar ɗakin Inna. Ta yi addu'arta yadda ta saba. Ɗakin ajiyata babu komai sai wari, ba ni da abin da yaƙi zai ƙara mini. Na buɗe baki, amin ta fito da kanta, har ta ɗan fi ta kowa ƙarfi, matata ta waigo.

Inna ta shafa fuska ta ce, "Bakwai." Sai ta tambayi ko an ba awaki dusa.

Ba a yi wata ba aka ce Jamus ta sallama. Da damina ta yi tsakiya, ranar kasuwar Wurno, sanƙira ya ratsa da mai ganga yana shelar cewa yaƙin gabas ma, inda ƙanena yake, ya ƙare. Mata suka yi ta guɗa. Ni kuma, bayan na yi hamdala, sai na zauna ina jiran ƙirgi ya faɗi, in ga idon mahaucin Rabah.

Bai faɗi ba. Ya tsaya cik har kaka, daga nan ya fara hawa, ya yi ta hawa kamar ba zai tsaya ba. Ashe mutanen Turai shekara da shekaru suna lallaɓa tsofaffin takalma, da aka ajiye bindiga kowa ya tashi neman sabo. Mahaucin Rabah da ƙirginsa sittin ya sake ginin zaurensa. Duk ranar da muka haɗu sai ya ce in zo in sha inuwa, in duba masa ƙasa.

Na je wa Akawu da fushin wasa. Na ce, "Ina garkuwar da kac ce za a ƙone? Ga ta nan tana tsada."

Ya sosa ƙeya. Na ga yana son dariya yana kuma jin nauyi.

"Basakkwace, akwai abin da zan gaya maka, amma ka zauna tukuna. Da na je Sakkwato na ari littafin wani Bature, bugagge, na Turanci, na duba wurin. Can ba garkuwa aka rubuta ba."

"Mi anka rubuta?"

"Karusa. Keken yaƙi, kamar amalanke. An ce masana sun rabu, wasu sun karanta garkuwa, wasu amalanke. Malaminmu ya bi masu garkuwa."

Na ce, "Malam Akawu, amalanke?"

"Amalanke."

"Da amalanke kak karanta mani ranan nan, da na ce Allah shi ƙone su duka! Ni ina ruwana da amalanke? Jakkai gare ni!"

Muka yi ta dariya har hawaye, mai fura ta sake leƙowa. Da muka natsu ya ce, "Da amalanke na karanta, da tsohuwarka har yau shida take ji." Na ce ya auna mini fatun akuyata in tafi.

Ƙanena bai iso ba sai shekarar da ta biyo. Mota ta sauke su a Achida, a gaban rumfar awo, don haka Akawu ya riga ni ganinsa. Ƙanen nawa ya rame, ya yi baƙi, kunnensa na hagu ya daina ji. Ɗan Akawu kuwa sai bayan wata bakwai ya zo, lafiya lau, da ƙiba ma, direba ai ba ya tafiya a ƙasa.

Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, an ci tuwo, muka zauna a tsakar gida. Idona ya sauka kan takalmansa. Ban san lokacin da na ɗauki ɗaya ina murza fatar da yatsa ba.

"Inna, dibi Yaya," in ji shi. "Shekara huɗu bai gan ni ba, takalmi yaka gaisawa da shi. Naka na, Yaya? Ka gane shanunka?"

"Wagga jima ba ta yi ba," na ce. "An cuce ku."

Na ba shi labarin Zabura da garkuwa da amalanke, ina maimaitawa a kunnen dama. Ya yi dariya sosai. Sai na tambaye shi yadda abin ya ƙare a can, ko an karya bindigogi.

"Ba wanda yak karya komi. Layi munka yi, kowa ya miƙa tashi, wani sajan na rubutawa. Nic ce ashe haka abin ga yake da sauƙi, mi ya hana a yi tun hwarko?"

"To wa ya ci?"

"An ce mu," in ji shi. "Ni dai na ga nasu kwance, na ga namu kwance. Ƙuda bai bambanta ba. Kai ka san wari, Yaya, sana'arka ta. Guda na."

Bai ƙara ba, mu ma ba mu ƙara tambaya ba. Na tuna babanmu. Inna ta tashi ta ɗauki takalman ta rataye su a turke ɗaya da garkuwa. Daga baya ta ga sun yi daidai da ajiyar irin albasa, ɓera ba ya kai wa can. Ƙanena ya koma fadama da takalmin fata irin namu, bai sake neman su ba.

Akawu ya yi shekara biyu a Achida bayan haka, sannan aka mai da shi gida. Ranar tafiyarsa na kai masa buhun albasa da fatar akuya ja guda uku, jemammu, na ce ya yi wa littafinsa sabon bango. Ya ce zai yi, amma ba zai gyara kalmar ba. Ni har yau ban gaskata ba ban ƙaryata ba, yadda liman ya ce. Abin da na sani shi ne na ji magana mai kyau daga bakin mutumin da bai taɓa sa ƙafa a sikeli ba.

Ga lissafin ƙarshe. Da na riƙe ƙirgin nan ɗari huɗu zuwa bayan kaka, ko da ƙwaro ya ci hamsin, abin da zai ƙaru mini ya isa sayen shanu goma sha ɗaya. Na auna shi sau da yawa, bai taɓa sauka ƙasa da goma ba. Wannan ita ce hasara, kuma kalma ɗaya ce ta jawo ta, wadda ma ba a tabbatar ita ce a wurin ba.

Riba kuwa, ba zan ce amin ɗina ce ta tsayar da yaƙi ba, ko ita ta dawo da ƙanena. Da na sayar da ban sayar ba, ranar da Allah ya rubuta ita ce. Amma ranar da ya sauko daga motar nan ya rungume ni, ya ce, "Yaya, na san kuna yi mani addu'a," na dube shi cikin ido na ce eh.

Shanu goma sha ɗaya a wannan gefe, eh guda a wancan. Na yi shekara arba'in ina ciniki, ban sake sayen abu da araha haka ba.